Sulhun Zaure Ba Ya Rufe Fayil

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na hikaya, tun daga waɗanda aka fara bugawa a Kano a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa na yau da ake karantawa a waya, ya san lokacin da mu marubuta muke shiga kotu. Sai a babi na ƙarshe. An kama mugu, an gurfanar da shi, lauya ya miƙe ya zuba dogon Turanci, alƙali ya buga guduma ya yanke shekara ashirin da horo mai tsanani, 'yan kallo suka yi hamdala, daga nan sai ɗaurin aure. Daɗin karatu kam akwai shi. To amma kotun da talaka ya sani daban take da wannan. Tasa kotun ta zama a kan benci ce tun safe har azahar, ta "an ɗage sai wata mai zuwa" ce, kuma mafi yawan abin da ke ɗaure mutum ko ya kwance shi a cikinta takardu ne da ke kwance a cikin fayil. A kan ɗaya daga cikin waɗannan takardu nake so in ɗan ja hankalin 'yan uwana marubuta, domin na gan ta da idona, na kuma ga yadda ta hana wani dattijo barci.

Sai mu fara da rarrabe kalmomi, tun da sana'armu ke nan. A bakin jama'a duk takardar da ta fito daga kotu sunanta sammaci. A wurin ma'aikatan shari'a kuwa abu biyu ne. Sammaci kira ne: kotu tana nemanka rana kaza da ƙarfe kaza, ka zo da ƙafarka. Waranti kuwa umarni ne ga 'yan sanda su kamo ka su kawo ka. A cikin warantin ma akwai wanda lauyoyi suke kira benci waranti, wato wanda alƙali yake bayarwa yana zaune a kan kujerarsa ana cikin zaman kotu, idan aka kira sunan mutum aka ji shiru. Galibi mutum uku yake hawa kansu: wanda ake tuhuma da aka ba shi beli ya daina zuwa, da shaidan da aka aika wa sammaci ya yi kunnen ƙashi, da kuma wanda ya tsaya wa wani beli idan aka neme shi bai amsa ba. Wannan takarda ba ta ce an same ka da laifin da aka kai ka ƙara a kansa ba. Abin da take cewa kawai shi ne kotu ta kira ka ba ka zo ba. Sai dai tana da wani hali da ya kamata kowa ya sani: ba ta tsufa. Tana nan da ƙarfinta har sai an kama mutum ko kuma kotu ta soke ta, kuma ana iya aiki da ita kowace rana, ko Lahadi ce ko ranar hutun Sallah.

Ni a Nassarawa nake zaune, a ɗakunan baya na gidan wani kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Wanda bai san unguwar ba zai ɗauka ba ruwanta da harkar kotu: ga itatuwan darbejiya da na maina, ga dogayen katangu, ga tituna shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Nan ne Turawa suka yada zango bayan sun ci Kano a 1903, nan Gidan Ɗan Hausa yake, nan gidan gwamnati yake. Amma ƙafa kaɗan za ka taka ka isa Sakatariyar Audu Bako inda Babbar Kotun Jiha take, ga kuma kotunan da ke Titin Miller a Bompai, ga na majistare a Nomansilan da Gidan Murtala da Gyaɗi-Gyaɗi, ban da kotunan Shari'ar Musulunci irin na Ƙofar Kudu da Shahuci a cikin birni. Daɗin daɗawa, Nassarawa unguwar masu tsaya wa mutane beli ce. Idan alƙali ya ce sai an kawo mutum mai mutunci, mai gida ko fili a cikin yankin kotu, ko ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza, ina talaka zai nufa? Sai ya tuna da tsohon maigidan mahaifinsa da ke Nassarawa. Ta wannan ƙofa shari'a take shigowa gidajen da ko 'yan sanda ba su taɓa ƙwanƙwasa wa ƙyaure ba.

Ta nan ta shigo gidan Kawu. Akwai wani yaro tela, ɗan tsohon direbansa, wanda ya tashi a gabanmu yana ce wa Kawu Baba, ni kuma yana ce mini Yaya. Wata Hajiya ta ba shi shaddodi da lesuka na ɗinkin biki, yaron shagonsa ya kwashe rabinsu ya gudu. Hajiya ta kai ƙara ofishin 'yan sanda, su kuma suka rubuta rahotonsu suka kai shi wata kotun majistare, wadda ba sai na kama sunanta ba, bisa tuhumar cin amana. Aka sa belinsa a kan N200,000 da mutum ɗaya mai tsaya masa. Uwarsa ta zo ta durƙusa a gaban Kawu tana kuka. Kawu ya sa babbar riga ya je ya sa hannu, ya ba da hotunansa biyu da kwafin takardar wani filinsa.

An yi zama biyu a kotu, sai dattawan unguwar su yaron suka shiga maganar, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Aka taru a zauren mai unguwa, aka ƙiyasta kuɗin kayan, aka raba biya kashi uku. Yaro ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya, dangi suka tara masa sauran, ya biya tsaf. Hajiya ta ce ta yafe duniya da lahira, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ganin kasuwarsa ta mutu a unguwa saboda surutu, sai ya tattara ya tafi Abuja ya kama ɗinki a shagon wani. A wurin dukkan waɗanda suka zauna a wannan zaure, magana ta ƙare.

A wurin kotu kuwa ba abin da ya ƙare, domin ba wanda ya je ya gaya mata. A nan ne mutanenmu da yawa suke faɗawa rami. Shari'ar laifi da 'yan sanda suka kai, sunanta a rubuce "Kwamishinan 'Yan Sanda da Wane". Hajiya, duk da kayanta ne suka ɓata, matsayinta a fayil mai ƙorafi ce kuma shaida. Yafewarta tana da nauyi ƙwarai, doka ma ta yarda a yi sulhu a kan wasu laifuffuka irin waɗanda suka shafi dukiya tsakanin mutum da mutum, amma sai an kawo sulhun gaban alƙali ya ji, ya amince, ya rubuta. In ba haka ba, duk ranar da aka ɗage shari'a zuwa gare ta, magatakarda zai ɗauko fayil ya kira suna, ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙe, alƙali zai rubuta cewa wanda ake tuhuma bai zo ba.

Bayan fiye da shekara guda, ran nan da hantsi sai ga masinjan kotu a bakin ƙofa da takarda. Sammaci ne ga Kawu: ya zo ya faɗi dalilin da zai hana kotu ta karɓi kuɗin belin da ya sa wa hannu, tun da wanda ya tsaya wa ya tsere, an kuma ba da warantin kama shi. Kawu ya karanta ya sake karantawa, ya cire tabarau ya ce mini, "Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, ko takardar tuhuma ba a taɓa ba ni ba. Yau da furfurata za a kira sunana a kotu a ce na tsaya wa ɗan gudun beli?" Daren nan har asuba ina ganin fitilar ɗakinsa a kunne.

Kada mai karatu ya ce tsoron dattijon ya yi yawa. A lokacin kowa yana tune da abin da ya sami Sanata Ali Ndume. Shi ne ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran harkar fansho, a kan belin naira miliyan 500 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Da Maina ya daina zuwa kotu, Mai Shari'a Okon Abang ya soke belinsa ya ba da warantin kama shi ranar 18 ga Nuwamba 2020, sannan ranar 23 ga watan ya sa aka kai Sanatan gidan yarin Kuje. Sai da ya kwana huɗu a can kafin a ba shi beli. Shi kuwa Maina a Yamai ta Jamhuriyar Nijar aka kama shi a ƙarshen watan, aka dawo da shi farkon Disamba, kuma a Nuwamban 2021 aka yanke masa shekara 8. Kawu ya ce, "In sanata mai ci ya kwana a Kuje, ni ɗan fansho wane ne?" Darasin da ke cikin wannan labari biyu ne: tsayawa beli alkawari ne da mutum ya ɗaure kansa da shi, kuma tsallake iyakar ƙasa ma ba ya kashe waranti, balle tafiya Abuja.

Kafin la'asar mashawarta sun cika gida. Wani ya ce a ƙyale takardar, ai kotu ayyuka sun yi mata yawa, za ta manta. Wani ya ce a gaya wa yaron ya canja lambar waya ya yi zamansa. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce ya san wanda ya san wani, in aka ba da abin goro fayil ɗin zai yi ɓatan dabo. Uwar yaron ta zo a gigice, wai an ce mata in ba a same shi ba ita za a kama. Shi kansa da na same shi a waya muryarsa rawa take yi. Ya ce, "Yaya, wallahi na biya. In na zo Goron Dutse za su kai ni, ga shi an sa ranar aurena." Duk cikinsu ba wanda ya ga fayil ɗin, ba wanda ya san abin da aka rubuta a ciki. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhu ne dillalan bakin kotu suke cin kasuwarsu.

Washegari na nufi kotun. Ga wanda bai taɓa yi ba, ga yadda ake neman labarin shari'a a garin nan. Ofishin rajistara ake zuwa. Tambayar farko da za a yi maka ita ce lambar ƙara, wadda take ɗauke da shekarar da aka shigar da ita. Ni na ci sa'a tana jikin sammacin Kawu. Wanda ba shi da lamba sai ya zo da cikakken sunan wanda ake tuhuma kamar yadda 'yan sanda suka rubuta shi, da ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar, da watan da aka fara gurfanar da shi. Idan ma bai san kotun ba, sai ya fara daga ofishin 'yan sandan, domin a can aka rubuta inda aka kai maganar. Neman fayil da sunan mai ƙorafi wahala ce, tun da ba da sunansa aka buɗe shi ba. Haka kuma lambar kotu ake riƙewa, domin alƙalai ana yi musu canjin wurin aiki. Mu ma mun tarar wanda ya ba da warantin an mayar da shi wani wuri, wani ne a kan kujerar. Wannan bai rage wa takardar komai ba, don umarnin na kotu ne.

Magatakarda ya ɗauko wani ƙaton littafi ya bi layi da yatsa har ya samo lambar, sannan ya shiga ciki ya fito da fayil ɗaure da zare. Ya karanta mini abin da ke ciki a taƙaice. Zama uku a jere ana kira ba a ga yaron ba. A na ukun mai gabatar da ƙara ya roƙi waranti aka ba shi. Daga nan aka yi ta ɗagewa ana jiran 'yan sanda su kawo shi, har aka gaji aka waiwayi mai tsaya masa. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma karɓe filin Kawu ba. Ko kalma ɗaya a kan sulhu babu a ciki. Na rubuta ranar zama na gaba a bayan sammacin, na yi godiya na fito. Abin da ya hana gida guda barci, da aka buɗe shi, bai fi shafi huɗu ba.

Daga nan muka sami wani matashin lauya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don irin wannan, kuma tana da ofishi a Kano. Lauyan ya fara da kwantar wa uwar yaron hankali. Ya ce dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 7, ta hana a kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haka, Jihar Kano kuma ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuffuka a 2019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da Arewa ta yi aiki da ita tun 1960. Uwa ba ta ɗaukar laifin ɗanta. Matsayin Kawu ne daban, domin shi da hannunsa ya rattaba alkawari.

Sannan ya lissafa mana abu uku. Na farko, yaron ya zo da ƙafarsa tun kafin a kamo shi, domin alƙali yana bambanta wanda ya shigo da kansa da wanda aka shigo da shi da ankwa. Na biyu, a zo da hujjar dalilin rashin zuwansa. Da rashin lafiya ce, da takardar asibiti za a kawo. Tun da sulhu ne, sai a zo da Hajiya da kanta, da mai unguwa, da rubutacciyar shaidar biyan kuɗi. Na uku, a zo farkon mako kuma da sassafe. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, amma kowa ya san wanda aka kama da yammacin Juma'a sai Litinin zai ga alƙali. Haka nan in aka sauya sharuɗɗan beli, wanda ya zo ranar Talata da safe yana da sauran yini da sauran mako na cika su. Lauyan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce alƙali yana da ikon soke warantin ya mayar da belin yadda yake, yana da ikon tsaurara sharuɗɗa, yana kuma da ikon soke belin baki ɗaya ya aika da shi gidan yari. Ya ce, "Ba zan yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma duk ranar da ya ƙara a ɓoye, bayaninsa ƙara nauyi yake yi."

Aiki mafi wuya shi ne shawo kan Hajiya. Sau uku ina zuwa gidanta. Ta ce, "Ɗan nan, ni ai na yafe tuntuni, me kuma zan je yi a kotu, mutane su ce na tayar da tsohuwar magana?" Sai da mai unguwa ya raka ni ya yi mata bayani cewa zuwanta ne zai cika yafewar tata, sannan ta amince. Shi kuma yaron, Kawu ne ya karɓi waya ya yi masa magana. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ranar da uwarka ta zo nan tana kuka ban ce sai na yi shawara ba. Yanzu sunana yana hannunka." Ran Litinin da daddare ya sauka a tasha, ya kwana a ɗakina, bai ci tuwon da aka kawo masa ba.

Ƙarfe takwas na safiyar Talata muna harabar kotu. Lauya ya riga ya shigar da takardar roƙo, ya kuma sanar da mai gabatar da ƙara. Kafin a zo kanmu aka kira wata shari'a da ta sa cikin yaron ya ɗuri ruwa. Wani mutum ne aka shigo da shi da ankwa, shi ma waranti ne a kansa, an tsince shi a wurin wani biki bayan wata da watanni ana nemansa. Ya ce mantuwa ya yi. Alƙali ya soke belinsa nan take, aka fita da shi zuwa motar gidan yari, matarsa tana biye tana share hawaye. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, ba wanda zai ce ga ranar fitowarsa.

Da aka kira tamu, yaron ya shiga akwatin waɗanda ake tuhuma, Kawu ya miƙe tsaye a inda yake. Lauya ya yi bayani cikin 'yan kalmomi, ya nuna Hajiya da mai unguwa. Mai gabatar da ƙara ya ce ba ya jayayya. Alƙali ya dubi yaron ya ce me ya hana shi zuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka an gama." Alƙali ya ce, "Wa ya gama? Kotu ce ta buɗe, kotu ce za ta rufe. Ka san dattijon nan saura kaɗan ya rasa dukiyarsa saboda kai?" Ya yi masa faɗa sosai, sannan ya tambayi Hajiya ko an biya ta, ko kuma wani ya tilasta mata. Ta ce an biya ta, ba wanda ya tilasta mata. Ya sunkuya ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya karanta: an soke waranti, an karɓi sulhu, an sallami wanda ake tuhuma, an sauke wa mai tsaya masa nauyin beli. Abin da ya ɗauki fiye da shekara yana ruruwa bai cika rabin awa ba aka kashe shi.

Saura ƙiris da mutane suke mantawa da shi, wanda lauyan ya nace a kansa. Warantin da aka soke a littafin alƙali, kwafinsa yana nan a ofishin 'yan sanda, kuma takarda ba ta san an soke ta ba. Don haka muka nemi kwafin umarnin kotu mai hatimi, muka biya kuɗinsa aka ba mu rasit, muka kai ɗaya ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar, yaron ya riƙe ɗaya a jakarsa. Kawu kuma ya karɓo takardunsa daga rajistara. Da wannan ne fayil ya rufu.

Na sha jin ana cewa da muna da tsari irin na Amurka, da ba a shiga wannan wahala ba. Gaskiya ne a can kotunan gundumomi da yawa suna da shafi a intanet, mutum ya rubuta sunansa ya ga ko akwai waranti a kansa, ba sai ya je ofishin rajistara ba. Ni ma ina fatan ranar da za mu kai nan. Amma sauƙin dubawa bai raba su da matsalar ba. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris 2015 a kan garin Ferguson na Jihar Missouri ya nuna cewa a Disamban 2014 mutum fiye da 16,000 ne ke da warantin kotun garin a kansu, alhali mazauna garin kusan 21,000 ne, kuma akasari a kan ƙananan laifuffuka ne da rashin zuwa kotu ko kasa biyan tara. Tun kafin wannan, a 2005, hukumomi a birnin Cleveland sun gane cewa tsoro ne yake hana mutane miƙa kansu, sai suka kai alƙalai da lauyoyi cikin wata majami'a, suka ce duk mai waranti ya zo can. Ɗaruruwan mutane suka zo da ƙafarsu, mafi yawansu kuma suka koma gida a ranar. Ashe ko a can ɗin, abin da ke tsakanin mutum da kotu tsoro ne, maganinsa kuma a sami wurin da ya amince da shi da mutanen da za su raka shi.

Mu kuwa muna da irin wannan wuri tun kaka da kakanni, wato zaure. Tun zamanin da alƙali yake zama da muhutinsa a ƙarƙashin En'e, har aka zo kotunan yanki a 1968, har aka mayar da su kotunan Shari'ar Musulunci a Kano a 2000, Bahaushe bai daina fifita sulhu a kan shari'a ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rage shi ne taki ɗaya. Duk sulhun da aka yi a kan maganar da ta riga ta shiga kotu, a zauren mai unguwa aka yi shi ko a masallaci ko a ofishin Hisba, a rubuta shi, a sa hannu, sannan waɗanda suka shafa fatihar su ɗunguma su kai shi gaban alƙali a ranar zama na gaba. Wanda ya tsaya wa wani beli kuma ya riƙe ranakun zama kamar yadda yake riƙe ranar biyan fansho, in kuwa ya ga alamar ba zai iya ba, doka ta ba shi damar ya kawo mutumin kotu ya ce a sauke masa nauyi.

Mu marubuta wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, mu ma 'yan ƙasa ne, sammaci yana iya zuwa ƙofar kowa, ko a kan bashin maɗaba'a ko a kan abin da alƙalami ya rubuta. Ba mu manta ba a 2009 an kama ɗan uwanmu Aminu Ladan Abubakar, wato ALA, marubuci kuma mawaƙi, aka gurfanar da shi a kotu a nan Kano a kan wata waƙarsa. Ta biyu kuwa ita ce ta fi girma. Akwai dubban mata da matasa da ba su taɓa taka harabar kotu ba, duk abin da suka sani game da ita daga littattafanmu suka samo shi. Idan kullum abin da muke nuna musu shi ne guduma da ɗauri, to mun ƙara musu tsoron da zai sa su ɓuya ranar da ya kamata su bayyana. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, tsarin mulki ne ya ce a yi shi a bainar jama'a. Ina ba duk mai sha'awar rubutu shawara ya ware safiya biyu ko uku, ya je kotun majistare ko ta Shari'a mafi kusa da shi, ya zauna a bencin baya da ɗan littafinsa. Ya saurari yadda magatakarda yake kiran suna sau uku, ya dubi fuskar mai tsayawa beli idan aka ji shiru, ya lura da matar da ta zo da abinci a kwano ba ta san ko da mijinta za ta koma ba. Zai fito da labaran da za su ishe shi shekara, kuma mai karatunsa zai ƙaru da sanin da wata rana zai hana shi kwana a inda bai kamata ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raba mu da tsautsayi, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga jama'a, amin.